Takardar da Na Karanta wa Baffa

Ranar da Baffa ya rasu, masu tifa ba su zuba yashi a unguwarmu ba. Da hantsi labari ya fita, kafin azahar sun jera motocinsu a bakin titi sun tako da ƙafa. Masu buga bulo ma suka kashe injinansu. Tun da na tare a wannan unguwa da ke gefen Azare, ban taɓa ganin an wuni ba a ji ƙarar gini ba sai ran nan. Wanda Ya ba mu aron tsohon nan Ya karɓi abinSa, mu ma kiran muke jira.

'Yan uwansa Fulani suka zo daga wajen Gadau da Jama'are, wasu uku uku a kan babur, kowa da sandarsa. Suka zauna gefe guda a gindin darbejiya, ba mai kuka a cikinsu, sai addu'a ƙasa ƙasa da Fulatanci. Mai waina ta bakin masallaci ita ce ta kasa daurewa. Ta zauna kusa da tandarta da ba ta hura wa wuta ba, tana share ido da gefen mayafi tana cewa, "Ni yanzu wa zai riƙa ce mini gishiri ya yi kaɗan? Kullum sai ya kushe, kullum kuma sai ya cinye." Mutane suka yi dariya da hawaye a idonsu.

Alhaji, tsohon ma'aikacin gwamnati da ke shugabantar kwamitin unguwa, ya zo da babbar riga. Ya ɗaga murya yadda kowa zai ji ya ce, "An yi rashi. Yau unguwa ta rasa uba." Da ya juyo idonmu ya haɗu, sai ya sunkuya yana gyara takalminsa da ba abin da ya same shi.

Abin da ya fi yi mini nauyi shi ne ni aka riƙa yi wa gaisuwa. Ba mu haɗa jini da Baffa ba, amma kowa ya gama da babban ɗansa sai ya miƙo mini hannu: "Malam, ya haƙuri? Kai ne ɗansa na boko." A maƙabarta liman ya dafa kafaɗata ya ce, "Malam, sauka ka karɓe shi. Ba wanda ya yarda da shi kamarka." Na sauka. Na karɓi tsohon nan da hannuwana biyu, ga shi ba nauyi, ni kuwa na kasa ɗaga ido in dubi kowa. Mutane sun ɗauka baƙin ciki ne kawai. Akwai baƙin ciki, amma kunya ta fi shi yawa. Na yi wa wannan tsoho wani abu, na kuma bari ya tafi ban faɗa masa ba. Na ɗauki alƙalami ne don kada a manta da shi, sai na ga ba yadda zan ba da labarinsa na gaskiya in tsallake nawa.

Ni ɗan Katagum ne. Aikin koyarwa ya kawo ni Azare, na yi shekaru ina haya a cikin gari kafin Allah Ya hore mini fili a nan. A lokacin wurin gonaki ne, gero da dawa iya ganinka, sai gidaje biyar ko shida da ba a gama ba, sai gidan Baffa da garkensa da rijiyarsa. Mutanen gari Ruga suke kiran wurin. Baffa ya ba ni tarihinsa ya fi sau goma, kullum kuma kamar yau ya fara. Ya ce masu gonakin ne da kansu suka je suka roƙi mahaifinsa ya riƙa sauka da shanunsa bayan girbi, su kwana a gonar wannan, su koma gonar wancan, don ƙasa ta samu taki. Har rige rige ake yi, ana kawo masa damin gero don ya fara da gonar mutum. Da zama ya yi daɗi, tsohon ya haƙa rijiya ya kafa gida, a nan aka haifi Baffa. "Malam," in ji shi, "kashin shanun nan da kake toshe wa hanci, da can sai mai sa'a yake samunsa."

Ranar da na zo da igiya da turaku zan fitar da harsashi, sai ga wani dogon tsoho siriri da malfa, rediyo rataye a wuya, ya taho da ƙwaryar fura. Bai tambayi sunana ba. Ya ajiye ƙwaryar ya dubi filin ya ce, "To madalla, mun ƙaru." Haka yake cewa duk lokacin da aka kafa sabon turke a unguwar nan. Ko da turken a kan makiyayarsa aka kafa shi, abin da zai ce ke nan, mun ƙaru. Simintina a ɗakinsa ya kwana har na gama gini. Da ruwan rijiyarsa aka buga bulona, da nawa da na kusan duk wanda ya riga burtsatse zuwa unguwar.

Da ya ga inda zan sa ƙofa sai ya girgiza kai. "Kada ka sa ta nan. Nan hanyar ruwa ce." Na nuna masa zanen da mai zane ya yi mini, na yi masa bayani irin na malamin makaranta, da haƙuri, kamar ina gaban aji. Ya saurara har na gama ya ce to. Daminar farko ruwa ya shigo ta ƙofar nan ya wuce har ƙarƙashin gado, matata tana kwashe tukwane tana kallona, kallon kaɗai ya isa. Da gari ya waye sai ga Baffa da fartanya yana fitar wa ruwan hanya ta bayan katanga. Da ya gama ya miƙe yana riƙe da ƙugu ya ce, "Takardar taka ba a gabatar da ita ga ruwa ba, shi ya sa bai san da zamanta ba." Shekara da shekaru yana tsokanata da wannan.

Kullum bayan sallar asuba, in ya sallami shanu, sai ya zaga unguwa gida gida. Ba ya riƙe sunan mutum, garinsa yake riƙewa: na Misau, na Gamawa, na Jama'are. Ni Malam na Katagum ne har ya koma ga Allah. Shanunsa kuwa kowace da sunanta, yana kira tana ɗago kai. Ya san gidan da aka kwana da zazzaɓi, ya san matar da mijinta ya yi tafiya, ya san wanda ya tare bai sa ƙyaure ba tukuna. Matarsa, wadda duk unguwa ke kira Inna, takan ce da shi mai unguwar da ba a naɗa ba. Shi kuma ya ce ai gara haka, ba mai tuɓe shi.

Sau ɗaya na ga ransa ya ɓaci sosai. Wani direban tifa ya juye yashi a tsakiyar burtali, hanyar da shanu ke bi su fita kiwo. Baffa bai yi zagi ba, bai ɗaga sanda ba. Ya hau kan tulin yashin ya zauna, ya kunna rediyonsa. Magina suka zo da baro za su ɗiba, ya ce bismilla, amma su fara da shi. Mai ginin ya zo ya ba da haƙuri, Baffa ya ce ba da shi yake ba, wanda ya zuba yake jira. Tun hantsi har azahar yana kan yashin nan cikin rana. Da direban ya dawo ya fara faɗa, Baffa ya ce, "Ɗana, in na kawo shanuna na kwantar a kan titinka, za ka ji daɗi?" Direban ya nemo shebur suka kwashe yashin tare, tsoho da yaro, sannan Baffa ya ja shi gida ya ce ba zai tafi da yunwa ba. Tun daga ranar masu tifa suka mai da ƙofar gidansa wurin shan inuwa.

Ranar sunan 'yata ta fari, ana cikin raba goro sai ga shi ya jawo karsana ja da igiya har ƙofar gidana. Ya ce, "Wannan ta jaririya ce. Za ta zauna a garkena, in ta haihu nononta na gidanku ne. Mu haka muke yi wa namu." Ni da mahaifina bai taɓa mallakar ko akuya biyar ba, ga 'yata kwana bakwai a duniya da saniya. Da nonon saniyar nan aka yaye yarana uku. Kuma duk takardar da ta shigo gidan Baffa, ta asibiti ce ko ta rigakafin dabbobi ko wasiƙar ɗan uwa, ni yake kawo wa. Yana karanta ajami, boko ne bai yi ba. Yakan ce, "Idona na wannan ɓangaren yana gidan Malam."

Unguwa ta yi ta cika. Magada suka yanka gonakin iyayensu fuloti fuloti. Aka kawo wuta, aka haƙa burtsatse, aka buɗe shaguna da kemis da makarantar yara. Sabbin zuwa suka zo da dogayen katangu da ƙofofin ƙarfe, waɗanda Baffa zai tsaya yana sallama a bakinsu ba mai ji. Muka kafa kwamiti, muka raɗa wa unguwa sabon suna mai daɗin faɗa, muka kafa allo a bakin titi. 'Yan acaɓa dai har gobe in ba ka ce Ruga ba ba su san inda za su kai ka ba. Burtalin da a da shanu goma ke jerawa a cikinsa ya koma lungu, katanga dama katanga hagu. Garken Baffa, wanda da shi ne tsakiyar komai, ya wayi gari a tsakiyar gidajen mutane.

Ba zan ce ƙorafin mutane ƙarya ba ne. Da damina ruwa yakan kwaso ƙazantar garke ya bi lungu da ita. Ga ƙuda, ga sauro, ga wari in iska ta juyo. Sai kuma wata rana wani bijimi ya goga ƙahonsa a jikin motar Alhaji tun daga ƙofa har baya. A makon nan aka kira taron kwamiti a falon Alhaji bayan la'asar. Ba a gayyaci Baffa ba, shi da ko taron gyaran kwata ba a yi sai da shi.

Aka yi ta magana, kowa ya yarda shanu su bar unguwa. Sai mai kemis ya ce, "To me zai hana mu tashi mu biyu ko uku mu je mu same shi? Tsoho ne mai fahimta." Wannan ya dubi wancan. Can wani ya ce, "Ni dai wallahi ba zan iya kallon idonsa in faɗi wannan magana ba. Ruwansa na sha." Wani ya ce shi ma haka. Aka juyo gare ni, na ce ni da nake kamar ɗa a gidan, ai ni ne na ƙarshen wanda zai iya. Haka muka zauna mu tara, manya da gemu, kunyar tsoho ta hana mu yi masa magana, amma ba ta hana mu kai shi ƙara ba. A lokacin har gani muke yi girmama shi muka yi: hukuma ce za ta faɗa, ba bakinmu ba, gobe mu gaisa kamar ba a yi ba.

Ni ne sakatare, ni ke da Turanci, ni aka ba rubutu. Alhaji ya ce in sani fa hukuma ba ta motsawa sai ta ga an bi matakai an gaji. Iyakar abin da ya faɗa ke nan, bai ce in yi ƙarya ba, kada in ɗora masa. Ni da kaina, don takarda ta yi ƙarfi, na ƙara layi ɗaya: cewa an sha yi wa mai shanun gargaɗi, ya ƙi ji. Da na karanta musu aka ce, "Kai Malam, alƙalaminka da kaifi yake!" Na ji daɗin yabon, wannan ma sai na faɗa. Ni na kai takardar ofishin duba gari da ƙafata, na miƙa wa wani magatakarda da na taɓa koyar da ƙanensa, muka gaisa muka yi raha.

Bayan 'yan makonni, wata ranar Laraba da yamma ina zaure ina duba littattafan ɗalibai, na ji sallamar Baffa. Ya shigo ya zauna a tabarma, ya cire malfa, ya zaro ambulan daga aljihu ya miƙo mini da hannu biyu.

"Malam, wasu ne suka kawo a kan babur. Duba mana, ko rigakafi ne."

Tun kafin in buɗe na san ko mene ne. Sanarwa ce cewa ya kwashe dabbobinsa daga cikin gidajen jama'a kafin wa'adin da aka sa. Kuma wanda ya rubuta ta bai wahalar da kansa ba, ya kwafo maganata ce kusan kalma da kalma. Na fara fassara masa, muryata kamar ta wani. Yana gyaɗa kai. Da na zo maganar ƙuda da wari ya ce, "Gaskiya ne. Ni ma na gani." Da na zo maganar wa'adi ya ce, "To." Sai na iso layina. Na so in tsallake, amma yana kallon yatsana a kan takardar, ya san akwai saura. Na karanta.

Ya ce, "Maimaita wannan."

Na maimaita.

"An yi mini gargaɗi na ƙi?"

"Haka aka rubuta, Baffa."

"Wa ya yi mini? Yaushe?" Ya dubi ƙofa, ya dawo da idonsa kaina. "Malam, kullum ina zaga unguwar nan. Kowa na gaida shi sai ya ce lafiya lau. Da mutum ɗaya, ko yaro ne, ya ce Baffa shanunka sun dame mu, wallahi da ba su ƙara kwana ba. Ni mai ƙin maganar maƙwabta ne?"

Na ce a'a.

"Ka san wanda ya kai maganar?"

Na juya takardar gaba da baya kamar mai nema, na ce, "Ba a sa suna ba, Baffa." Ba a sa ɗin ba kuwa. Da wannan guntuwar gaskiya na rufe bakina.

Ya daɗe yana murza malfarsa. Sannan ya ce in ɗauko alƙalami in rubuta masa amsa. Na zaci zai roƙi ƙarin lokaci ne. Bai roƙa ba. Ya ce, "Rubuta ka ce na ji, na bi, shanu za su tashi. Amma ina roƙon a gyara wuri ɗaya. Ba wanda ya taɓa yi mini magana na ƙi. Kada a bar wannan a takardar hukuma, jikokina za su yi boko, wata rana su gani." Na rubuta da hannun da ya rubuta ta farkon. Ya dangwala yatsa a tawada ya danna a ƙasa, ya ce, "Kai za ka kai mini, kai ka san ƙofofinsu. Allah Ya yi maka albarka."

Ban kai ba. Sau biyu ina zuwa har bakin ofishin in juyo. Magatakardan nan zai dube ni ya dubi takardar, ya ce Malam, ba kai ka kawo waccan ba? Wace ce gaskiya a ciki? Wannan tambaya ɗaya na kasa tsayawa in amsa. Na sa takardar a cikin wani tsohon ƙamus na rufe. Da Baffa ya tambaye ni ko na kai, na ce na kai.

Tun wa'adi bai cika ba, wata safiya babban ɗansa ya kora shanun zuwa rugar surukansa a wajen Gadau, har da jar saniyar 'yata da 'ya'yanta. Baffa ya raka su har bakin titi yana kiran sunayensu, ya tsaya sai da suka ɓace, ya dawo shi kaɗai. Bai bi su ba saboda gwiwoyin Inna ba sa tafiya, kuma iyayensa a nan suke kwance. Mu 'yan kwamiti kowa ya shige gidansa ya turo ƙofa. Lungu ya bushe, ƙuda ya ragu, abin da muka nema mun samu. Nono kuwa bai yanke a gidana ba, duk mako sai an aiko da shi a jarka a bayan babur, a ce na yarinya ne.

Daga nan Baffa ya fara raguwa. Yakan tashi da asuba kamar da, ya je ya tsaya a tsakiyar garken da ba komai sai turaku. Zagayen unguwa ya koma na lungu ɗaya, daga baya ya koma zaman ƙofar gida. Bai canza wa kowa fuska ba, har Alhaji yana gaisarwa da fara'a. Sai dai ya daina shiga gidajen mutane, a bakin ƙofa yake tsayawa, kamar mai tsoron kada ya zama ya dami wani bai sani ba. Ni kuma duk bayan kwana biyu sai ya tambaye ni, "Malam, ba amsa?" In ce, "Ba su amsa ba tukuna, Baffa. Ka san aikin ofis." Ya ce, "Haka ne. Suna da aiki da yawa." Damina uku muna wannan.

Da ciwo ya kwantar da shi, na shiga wurinsa sau uku da niyyar in faɗa. Na shirya maganar tun daga gida. Amma mu muna da wata hanya ta neman gafara mai sauƙin gaske, wadda ba ta buƙatar ka ambaci komai. Ina durƙusawa sai in ji bakina ya bi ta: "Baffa, a yafe mana abin da muka yi, wanda muka sani da wanda ba mu sani ba." A zuwa na ƙarshe ya kamo hannuna, tafinsa da zafi, ya yi murmushi ya ce, "Kai? Me ka taɓa yi mini? Ni zan roƙe ka, na dame ka da karatun takardu shekara da shekaru. Na yafe duniya da lahira." Na fito da yafiyar da na san ba tawa ba ce, domin bai san abin da ya yafe ba. Bayan kwana biyu ya cika.

Ran kwana uku, da baƙi suka ragu, na ce matata ta raka ni mu gaida Inna. Tana zaune a tabarma cikin ɗakinta da carbi, ta lulluɓe. Na durƙusa a bakin ƙofa. Wannan karon ban bari bakina ya bi waccan hanyar ba. Na ce, "Inna, takardar da ta tashi shanu, ni na rubuta ta. Maganar gargaɗi ni na ƙara, ƙarya ce. Amsar da Baffa ya ba ni ban kai ba, tana gidana."

Ba ta ɗago ba. Ta ja carbi biyu ko uku, ta ce, "Ta farkon na sani. Tun shanu ba su tashi ba matar Alhaji ta faɗa a gidan biki, tana yabon Turancinka. Ta biyun ce ban sani ba sai yau."

Na ce, "Shi ma ya sani?"

"Bai sani ba. Ban faɗa masa ba, na kuma hana a faɗa." Sai a lokacin ta dube ni. "Shanunsa sun tafi. In ce masa ɗansa na boko ma ya tafi? Da me zai zauna? Har ya kwanta ciwo cewa yake yi, da an shawarci Malam da ba a yi haka ba."

Na kifa kaina a ƙasa, na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba. Na ce ta yafe mini.

Ta ce, "Nawa na yafe, ba shi da yawa. Nasa kuwa ba a hannuna yake ba, kada in yaudare ka. Amma shi ba shanun ne suka ci shi ba, Malam. Cewa da aka yi an faɗa masa ya ƙi, ita ce. Kai ka sa ta, kai za ka cire."

Ran addu'ar bakwai aka cika ƙofar gidan, 'yan unguwa da 'yan uwansa da masu tifa. Da liman ya shafa fatiha mutane suka fara neman takalmansu, na miƙe na ce ina da magana. Alhaji ya jawo gefen rigata, na janye. Na faɗi abin da muka yi a falo, ban ambaci kowa ba sai kaina. Na faɗi layin da na ƙara. Na zaro takardar mai ɗauke da yatsan Baffa, ta yi ja saboda daɗewa a ƙamus, na karanta ta da Hausa yadda ya faɗa mini ita. Mai kemis ya rufe fuskarsa da hula.

Babban ɗan Baffa ya taso a hankali, mutum ne marar yawan magana kamar dukkansu. Ya tsaya a gabana ya miƙo hannu, na zaci musafaha ce, ashe takardar yake nufi. Ya dubi yatsan mahaifinsa ya daɗe, ya ninke ta ya sa a aljihun gaba.

Ya ce, "Ranar da zai rasu da safe ya tambaye ni ko Malam ya ce an amsa."

Ya juya ya koma wurin zamansa. Bai ce ya yafe ba, ni ma ban ga fuskar roƙo ba. Muna gaisawa har yanzu, gaisuwa ce dai.

Ya Allah, ga baƙonKa nan, wanda bai taɓa barin baƙo a tsaye ba. Ka yalwata masa makwanci, Ka ba Inna da zuriyarsa haƙuri, Ka sa ranar da za mu haɗu ya yafe mini yana sane da abin da yake yafewa. Jikokinsa kuma da suke boko yanzu, in wata rana kuka ci karo da waccan takardar, ga gyaranta daga hannun wanda ya rubuta ta. Ba a taɓa yi wa kakanku gargaɗi ya ƙi ba. Mu tara ne a falon nan, ko ɗayanmu bai je ba.